Lamba Ba Hukunci Ba Ce: Magana a Kan E322 da Cimar Gidajenmu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya fitar mana da abinci daga cikinta, ya halatta mana masu tsarki, ya hane mu ga masu ƙazanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa magidanta da iyayenmu mata, akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a gidajenmu, kuma har yau ba ta nuna alamar gajiya ba. Ita ce tambayar lambobin nan masu farawa da harafin E, waɗanda ake rubutawa a bayan kwalin biskit da gwangwanin madara. A shekarun 2000 takarda ce ake kwafa, a liƙa a ƙofar masallaci ko a raba bayan sallar Juma'a. Daga baya ta koma saƙon salula mai murya da hoto, tare da gargaɗin cewa duk wanda bai tura wa wasu ba yana da alhaki a wuyansa. Maganar dai ɗaya ce: wai lambobin nan asiri ne da ake ɓoye kitsen alade ko guba da shi a cikin cimar musulmi. Daga cikin waɗanda aka fi kawo mana tambaya a kansu akwai E322, domin da wuya mutum ya ɗauki shokola, ko bota ta gwangwani, ko madarar gari, bai ci karo da ita ba. Saboda haka muka ga ya dace mu tsaya a kanta ita kaɗai, mu bi ta tun daga tushe, domin wanda ya fahimci ɗaya ya sami mabuɗin sauran.

Mun tashi a gidan liman, inda zaure ba ya rabuwa da masu tambaya, kuma abu na farko da muka koya daga mahaifinmu shi ne, ba a yanke hukunci a kan abu sai an san ko mene ne shi. Idan aka zo masa da tambayar halal ne ko haram, yakan ce: "Daga me aka yi shi? Wa ya gani? Yaya aka sarrafa shi?" In mai tambaya bai sani ba, sai ya ce a je wurin masu sana'ar a ji, sannan a dawo. Malaman usulu sun daɗe da kafa wannan ƙa'ida, kuma da ita za mu yi aiki a nan.

Mene ne E322?

Sunansa lesitin. Wani nau'in maiƙo ne da Allah ya sanya a jikin dabbobi da tsirrai, domin da irinsa ake gina bangon ƙananan ƙwayoyin da jiki ya ginu da su. Yana cikin ƙwaƙwalwarmu da hantarmu, yana cikin ruwan maɗaciya da ke taimakon narkar da kitse, yana kuma cikin nonon uwa da jariri ke tsotsa tun ranar da ya faɗo duniya. Wanda ya fara ware shi wani Bafaranshe ne mai haɗa magunguna, Théodore Gobley, a tsakiyar shekarun 1840. Daga gwaiduwar ƙwai ya fitar da shi, kuma a 1850 ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci da ke nufin gwaiduwa.

Amfaninsa a girki ba ɓoyayye ba ne. Kowace uwargida ta san ruwa da mai ba sa ga maciji da juna. In an zuba su wuri ɗaya, man zai taso sama. Shi kuwa lesitin, ɓangare ɗaya nasa yana kama ruwa, ɗayan yana kama mai, sai ya riƙe su biyu kamar dattijon da ya shiga tsakanin masu rigima. Matan da ke kaɗa mayonez a gida da gwaiduwa da mai da lemun tsami, da lesitin suke aiki ko da ba su taɓa jin sunansa ba. A cikin madarar gari, shi ke sa ta narke da sauri ba ta yi gudaji ba. A cikin bota, shi ke rage fantsama idan ta hau kasko. A cikin shokola kuwa, giram 3 zuwa 5 kawai ake sa wa kilo guda domin ta gudana a lokacin zubi. Wato gwaiduwar ƙwai ɗaya da yaro zai ci da safe ta fi shokola mai nauyin giram 100 yawan lesitin.

Wanda ake sa wa kayan kanti, mafi yawansa daga waken soya ne, sai kuma ƴaƴan furen nan mai bin rana da ake kira turnesol, da irin kolza. Na ƙwai yana da tsada, ya fi shiga harkar magunguna. Yadda ake yi kuwa shi ne, idan an tatsi ɗanyen mai, sai a zuba masa ruwa kaɗan a juya. Wani danƙo da ke cikin man sai ya sha ruwan ya kumbura ya rabu da shi, a ware shi a busar. Tun shekarun 1920 aka fara yin haka domin kasuwa a birnin Hambug na Jamus. A cikin abin nan da ke kwantawa a gindin kwalbar sabon man gyaɗa akwai irin wannan danƙo, kuma duk mai sayen awara a bakin titi yana cin lesitin na waken soya tun kafin a ba shi lamba.

Shi kuwa harafin E, farkon sunan nahiyar Turai ne a harsunansu, lambar kuma rajista ce kamar lambar mota. E100 launin kurkum ne. E300 bitamin C ne. E330 tsamin lemun tsami ne. E414 ƙaro ne, wanda mutanenmu ke tsinta a jikin itacen dakwara a Sudan da Cadi da Nijeriya da nan Nijar, a sayar wa Turawa, su dawo mana da shi cikin alewa da lemun kwalba. E500 kuma gishirin da ke cikin kanwa ne. Ashe ke nan tsohuwar da ta jefa kanwa a tukunyar wake ta daɗe tana aiki da mai lamba.

Abin da hukumomi suka ce game da lafiya

Tun 1956 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa, mai suna JECFA, domin duba abubuwan da ake ƙara wa abinci. Al'adar kwamitin ita ce, ya ƙayyade adadin da mutum zai iya ci kowace rana, gwargwadon nauyin jikinsa, har ƙarshen rayuwarsa ba tare da cutuwa ba. Da ya duba lesitin a 1973, bai ga buƙatar sa masa irin wannan iyaka ba, domin abu ne da jiki ya saba da shi, yake narkar da shi kamar sauran maiƙo. Hukumar ƙa'idojin abinci ta Kodes, wadda aka kafa a 1963, wadda ƙasashe fiye da 180 ke ciki har da namu, ta ba shi lamba 322. A Amurka, hukumar abinci da magunguna ta sa shi cikin jerin abubuwan da masana suka yi ittifaƙi a kan rashin cutarwarsu.

A Tarayyar Turai, inda yawancin kayan da ke ɗauke da rubutun Faransanci suke bin dokokinta, doka mai lamba 1333 ta shekarar 2008 ta yarda a sa shi a mafi yawan abinci gwargwadon buƙata. Ma'anar wannan ita ce, mai masana'anta ba zai wuce abin da aikin yake nema ba, kuma ba zai yi amfani da shi ya yaudari mai saye ba. Hukumarsu ta lafiyar abinci, EFSA, mai mazauni a birnin Parma na Italiya, ta sake bin kadinsa a 2017, ta ce ba ta ga abin damuwa ba. A 2020 ta koma ta duba shi musamman saboda jarirai ƴan ƙasa da mako 16, waɗanda wani lokaci madarar gwangwani ce kaɗai abincinsu. A nan doka ta sa iyaka, giram 1 a cikin lita guda ta madarar da aka dama, kuma hukumar ta ce wannan adadi ba ya cutarwa. Abin da ta nemi a ƙara tsanantawa shi ne awon dalma da makamantanta daga cikin ƙazantar da ka iya biyo kaya tun daga gona ko masana'anta.

Wani zai ce, yaya za mu yarda da maganar waɗanda ba musulmi ba? Amsa ita ce, a kan sana'arsu muke karɓar shaidarsu, kamar yadda muke karɓarta a kan allurar da suka haɗa da jirgin da ke kai mu aikin Hajji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki ɗan jagora wanda ba musulmi ba a tafiyar Hijira, saboda sanin hanyarsa da amanarsa. Kuma hukumomin nan sukan janye yardarsu idan hujja ta bayyana. Farin launin nan mai lamba E171 an daɗe ana sa shi a alewa, Faransa ta dakatar da shi tun farkon 2020, Tarayyar Turai kuma ta hana shi a abinci a 2022. Ta ƙofar binciken da aka fitar da shi aka shigar da lesitin, ya fito ba tare da tabo ba.

Duk da haka akwai masu buƙatar kula. Wasu mutane, galibi yara, jikinsu ba ya jituwa da waken soya ko ƙwai; da sun ci sai borin jini, ko kumburin leɓe, ko shaƙewar numfashi. Abin da ke tayar da wannan cuta kaɗan ƙwarai yake saura a cikin lesitin, kuma da yawa daga masu ita ba ya yi musu komai, amma likita ne ke da ikon faɗa wa kowane yaro matsayinsa. Saboda irin waɗannan ne dokar Amurka ta 2004 da dokar Turai ta 2011 suka tilasta a ambaci soya da ƙwai da sunansu a jikin kaya. Haka kuma muna jan hankali game da masu yawo da ƙwayoyin lesitin a cikin kwalba, suna cewa yana dawo da hadda, yana wanke jini. Binciken da aka yi a kan tsofaffi masu ciwon mantuwa bai tabbatar da wannan da'awa ba. Mai haddar Alƙur'ani ya riƙe tilawa da bita, ya bar kuɗinsa a aljihu.

Ina hukuncin shari'a?

Asali a cikin abubuwan ci shi ne halacci, har sai dalili ya zo da hani. Waken soya da turnesol da kolza tsirrai ne, ba mu san malami ɗaya da ya haramta mansu ba, to ina ga danƙon da ya fito daga man? Ƙwan kaza kuma halal ne. Idan muka ga an rubuta «lécithine de soja» ko «lécithine de tournesol», magana ta ƙare.

Amma amana ta ilimi ta wajabta mu faɗi inda shubuha take, domin tana nan, sai dai ƙarama ce kuma an san wurinta. Na farko, dokar Turai ta fassara lesitin da cewa ana samunsa daga abinci na tsiro ko na dabba, saboda haka lambar ita kaɗai ba ta faɗin asali. Abin da ke sauƙaƙa wannan shi ne dokar da muka ambata: in na soya ne ko na ƙwai, dole a faɗa, in ba a faɗa ba, a kayan da ke bin wannan doka, galibi na turnesol ne ko kolza. Na biyu, akwai wani nau'i da ake ƙara sarrafawa da sinadarin narkarwa da ake kira anzim, domin ya fi saurin haɗuwa da ruwa. An daɗe ana samun wannan anzim daga wata gaɓa ta cikin alade, ko da yake yanzu ana samar da irinsa daga ƙananan halittu da ake renonsu a masana'anta. A nan ne hukumomin da ke ba da shaidar halal suke tsananta tambaya, kuma sun yi daidai.

Malamai ba su yi barci a kan wannan ba. Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta tara fakihai da likitoci a Kuwaiti a 1995, sannan a Kazablanka ta Maroko a 1997. Sun yi magana a kan ƙa'idoji biyu: istihala, wato abu ya juye ya zama wani abu dabam a suna da siffa, da istihlaki, wato ƙanƙanin abu ya nutse cikin mai yawa mai tsarki har ba a jin ɗanɗanonsa ko launinsa ko warinsa. A zaman Kazablanka sun ambaci lesitin da sunansa, suka ce ko da asalinsa mai najasa ne, ɗan kaɗan ɗin da ya nutse cikin abinci mai tsarki ba ya haramta shi. Wannan bai saɓa wa abin da muka karanta a littattafanmu na Malikiyya ba, inda almiski yake da tsarki alhali asalinsa jini ne, giyar da ta juye ta zama kal ita ma ta tsarkaka. Shafi'awa sun fi ƙuntata wannan babi, shi ya sa hukumomin halal na Maleshiya da Indonisiya suka fi tsanani. Saɓani ne na malamai, kowane ɓangare da hujjarsa. Wanda ya zaɓi tsantseni, ya sayi abin da aka rubuta asalinsa ko mai tambarin halal na hukumar da ya amince da ita, Allah ya ba shi lada. Amma tsantseninsa nasa ne, ba zai mayar da shi haramci a kan maƙwabcinsa ba.

Ya zo a cikin hadisi cewa an kawo wa Manzon Allah cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya ambaci sunan Allah ya yanka. Haka kuma Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa wasu sun tambaye shi game da naman da ake kawo musu ba su san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, ya umarce su su ambata su ci. Wanda ya fi kowa tsoron Allah ke nan, bai gina hani a kan zato ba.

Illar jita-jita

Takardun nan da ke firgita mu suna da tarihi. A 1976 wata takarda ta ɓulla a Faransa, aka jingina ta ga asibitin ciwon daji na Villejuif, kusa da birnin Paris. Ta jera lambobi ta ce suna kawo ciwon daji, ta ce mafi haɗarinsu E330, wato tsamin lemun tsami. Cibiyar Gustave-Roussy da aka laƙaba wa takardar ta sha fitowa tana barranta daga gare ta, amma takardar ta ci gaba da yawo shekara da shekaru, aka fassara ta zuwa harsuna da dama. Wadda ta fi yawo tsakanin musulmi kuwa, mai cewa duk lambobinta kitsen alade ne, ta buɗe jerinta da E100, launin kurkum, ta haɗa da E140, koren ganye. A cikinta akwai masu buƙatar tambaya da gaske, irin su E471 da ake iya yi da man tsiro ko kitsen dabba, da E120 da ake samu daga wani ƙwaro. Amma da aka cakuɗa gaskiya da ƙarya a ƙwarya ɗaya, mai karatu ya rasa wadda zai ɗauka.

Kada a ce ai yawan tsantseni ba ya cutarwa. Mun san wata kaka da ke renon marayan jariri da madarar da likita ya rubuta. Saƙon murya ya iso gidan cewa madarar tana da E322, wai alade ne. Baiwar Allah, don tsoron Ubangijinta, ta ajiye gwangwanin ta koma ba ɗan wata biyu ruwan kunu. Kwana uku aka ɗauke shi zuwa asibiti da gudawa, Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. A jikin gwangwanin kuwa an rubuta soya ƙarara. Mun kuma ga mai kanti, mutum mai sallah a sahun gaba, wanda aka yi ta nunawa da baki wai yana sayar wa musulmi haram. Wanda ya tura saƙon yana can yana ganin ya yi wa addini hidima.

Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 116 ta Suratun Nahli, ya yi kashedi mai tsanani ga masu sakin harshe suna halattawa da haramtawa ba da ilimi ba, ya kuma ƙidaya hakan cikin ƙirƙira masa ƙarya. A aya ta 6 ta Suratul Hujurati ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Haramta halal laifi ne kamar halatta haram, sai dai shi yakan zo cikin rigar taƙawa, shi ya sa ba a cika jin tsoronsa ba.

Abin da muke roƙon kowane gida shi ne, a karanta abin da ke bayan kwali, wanda bai iya ba ya kira ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa. A fara duba ranar lalacewar kaya, a dubi ko gwangwani ya kumbura ko ya yi tsatsa, ko ya daɗe a rana a kan teburin mai talla, domin nan ne cutar da ta fi kusa da mu take. A rage wa yara biskit da shokola saboda yawan sukari da haƙoransu. Uwa ta shayar da ɗanta nononta matuƙar tana da iko, in kuwa lalura ta sa likita ya rubuta madara, kada a tsayar da ita saboda saƙon da ba a san mai shi ba. Idan saƙo ya iso salularka, ka tambayi kanka wa ya faɗa, a ina ya karanta, kafin yatsanka ya tura wa mutum 100. Abin da ya shige duhu kuma, a kai tambayar asalinsa ga likita ko mai sayar da magani da ya yi karatun abin, a kai tambayar hukuncinsa ga malami. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Allah shi ciyar da mu halal mai albarka, shi tsare mu daga haram da abin da ke kai wa gare shi, shi kiyaye harsunanmu daga faɗin abin da ba mu da ilimi a kansa, shi raya mana zuriyarmu cikin lafiya da imani. Allah shi ne mafi sani.